Jan Mai a Ƙarƙashin Motar Ɗana

Shekarar da aka cire tallafin man fetur, har titin Ikara ya yi shiru kamar ana zaman makoki, a cikinta Allah ya karɓi ran babban ɗana. Ciwon ciki ne, bai daɗe yana jinya ba. Abokansa suka kawo motarsa daga Kaduna suka ajiye mini a ƙarƙashin rumfa, kusa da buhunan masara. Ja ce, ƙofa biyu, cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Uwarsa ta riga shi tafiya, ƙannensa mata duk suna ɗakunansu, sai ya zama daga ni sai motar a gidan.

Wajen jana'iza na yi shelar da ake yi, cewa duk mai bin mamaci bashi ya same ni. Ba wanda ya zo sai bayan an watse zaman gaisuwa. Wani dattijo mai shanun huɗa daga Janfalan ya yi sallama, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, yana ta murza hularsa. Ya ce wata damina motar nan ta kafe a laka kusa da gonarsa, ya sa shanunsa suka jawo ta. Yaron ya ba shi lada ya ƙi karɓa, sai ya yi masa alkawarin zai kai shi Kudan a cikinta, ya gaida yayarsa da ta tsufa ba ta fita.

“Malam, na taho da niyyar in ce na yafe,” in ji shi. “A hanya na tambayi zuciyata, na ji tana son tafiyar. Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba.”

Na ce ya kyauta. Mun karanta tun muna yara cewa alkawari kaya ne, kuma ba na son ɗana ya kwanta da kayan wani a wuyansa. Ga shi an riga an yi cinikin motar saboda rabon gado, mai saye zai zo daga Zariya da zarar an gama girbi. In ta bar gidan, babu sauran abin da zan cika alkawarin da shi.

Na yi shekaru ina tuƙa tarakta, don haka tuƙi bai ba ni tsoro ba. Da na tayar da ita sai sitiyarin ya ƙi juyawa sai da ƙarfi, yana kuka kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Na duba ƙasa, na ga jan mai ya jiƙa wajen tayar hagu. Na daɗe a tsugune ina kallonsa, don launinsa bai yi mini daɗi ba a kwanakin nan.

Masu shawara ba su yi ƙaranci ba a bakin masallaci. Wani ya ce famfon sitiyari ne ya mutu, wani ya ce in zuba man birki zai kumbura robobin su toshe. Na hau bas zuwa Makarfi wurin wani bakanike da muka yi zamanin tarakta tare. Ƙafa ta hana shi tafiya yanzu, amma kansa na nan. Ya ce kada in kuskura in zuba man birki, kuma kada in sayi komai sai na ga inda man ke fita da idona. In wanke wurin da kananzir, in bar shi ya bushe, in barbaɗa toka, sannan a tayar da inji, wani ya juya sitiyari ni ina kallo.

Na wanke, na barbaɗa tokar murhuna har tiyoyin suka yi fari. A nan aikin ya tsaya, don ba ni da wanda zai juya. Maƙwabta duk suna gona daga asuba zuwa faɗuwar rana, kuma na ji nauyin in cire mutum daga girbinsa saboda motar da ba ta ɗaukar ko buhu ɗaya. Na gwada ni kaɗai: in juya, in fito da sauri in leƙa. Kafin in zagayo man ya riga ya bazu ya ɓata tokar, ban san mafarinsa ba. Haka na yi ta wankewa ina sake barbaɗawa. Wani lokaci in zauna a kujerar direba kawai, inda ƙamshin turarensa bai gama fita ba, har a kira la'asar.

Ranar kasuwa dattijon ya biyo ya ga inda aka kwana. Na gaya masa matsalar. Ya ce shi bai taɓa riƙe sitiyari ba, amma wanda ya juya bijimai biyu a ƙarshen kunya ba zai kasa wannan ba. Da ƙyar ya shiga, ya nutse a kujerar har gwiwoyinsa suka kusa kai gemunsa.

“Wannan ai kwanciya ce, Malam. Haka yaran nan suke tafiya?”

Na ce ya yi hagu har ya ji sitiyarin ya tsaya. Ya yi bisimilla ya juya, yana yi mata tsawa a hankali irin wadda yake yi wa shanu. Ni kuwa na kafa ido. Famfon ya zauna fari tas. Can ƙasa, a jikin siririn tiyon da ke mayar da mai cikin robarsa, sai ga ja ya ɓullo a cikin toka kamar an tsaga ɗanyar fata. Na shafa wurin na ji sawun haƙora. Ɓerayen masarata ne suka yi ɓarnar.

Na rubuta a jikin kwali da ajami abin da na fara kwancewa da abin da ya biyo, kada in rikice wajen mayarwa. Na kai tsohon tiyon Makarfi aka yanko mini daidai shi, da sababbin maɗaurai da jan mai. Bayan na ɗaura, muka ɗaga gaban motar da jak, dattijon ya yi ta juyawa hagu da dama ina ƙara mai, har kumfa ta daina tasowa, kukan ya ɗauke. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashi, da safe na same shi a bushe.

Muka kama hanya da hantsi, dattijon ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Bayan Makarfi ana ta saran rake, amalanke suna wuce mu a inda hanya ta lalace, don dole in bi kowane rami a karkace. A hanya ya ce yaron mai fara'a ne, na ce haka ne.

A Kudan aka riƙo yayar tasa zuwa ƙofar gida. Ta shafa jikin motar, ta leƙa ta gan shi a ƙasa yana neman yadda zai fito.

“Kai da ko jaki sai ka roƙa? Motar wa ka sata?”

Ya ce ta bari ya fito tukuna. Na kama hannunsa na jawo shi. Da ta ji ko motar waye, sai ta ɗaga hannu ta yi wa ɗana addu'a mai tsawo, muka shafa.

Ya ce zai kwana biyu a wurinta, in koma kawai. Na zauna na tayar da inji, sai ya sunkuyo ta taga ya dafa kafaɗata.

“Malam, ya biya. Ba na bin sa komai, duniya da lahira.”