Motar Ƙanena a Kududdufin Kuza

Jiya 'yata ta miƙo mini balan-balan in hura mata. Ina kai shi baki warin robar ya bugi hancina, sai na ji gabana ya faɗi. Kai mai karatu za ka ce mene ne abin tsoro a balan-balan. Bari ka ji.

Muna yara a Dutse Uku, ƙanena yana da wata jar motar wasa mai manyan tayoyi, irin wadda ake tuƙawa da rimot. Kawu ne ya tsinto ta a kayan gwanjo. Kawu ƙanin mahaifiyarmu ne, mai gyaran rediyo a wajen kasuwar Terminus, kuma mutum ne da hannunsa ke ƙaiƙayi. Ko lafiyayyen abu ya gani sai ya kwance shi ya ga cikinsa. Ƙanena bai daɗe da shiga firamare ba, da motar yake kwana, ni yayarsa ko taɓawa na yi sai an ji mu a maƙwabta.

Wata rana motar ta faɗa kwata ta mutu. Kawu ya shanya ta a rana ta farfaɗo, daga nan ya yi rantsuwa cewa ruwa ya gama cutar motar nan. Ya kwance cikinta a kan tabarma, ya ciro ɗan koren allon da yake kira ƙwaƙwalwarta, ya cusa shi cikin balan-balan ya ɗaure bakin da robar tayar keke. Ya bi duk wata kafa ya ɗiga kyandir, ya cika gidan batir da basilin ɗin Inna, ya ɗaura gorunan lemo a gefe da gefe don kada ta nutse. Siririyar wayar eriya kuwa, wadda da take tsaye a bayan motar, sai ya nannaɗe ta ya tura cikin balan-balan ɗin ita ma, wai kada ta jiƙe.

Aka gwada a baho. Ta yi iyo, tayoyinta na watsa mana ruwa, ƙanena yana tsalle. Inna ta leƙo daga kicin ta ce, "To, wasan ya tsaya a bahon nan." Kawu ya ce to. Irin "to" ɗin Kawu ba ta kai ƙofar gida.

Ranar Asabar ni da ƙanena da Kawu muka tafi Naraguta kai wa Kaka abinci. Kakanmu ya yi aikin haƙar kuza da ƙuruciya, da ya tsufa ya koma noman kabeji da karas a bakin wani tsohon ramin haƙa da ruwa ya cika. Ruwan kore ne, ba ya motsi, kuma ko da tsakar rana ka sa yatsa sai ka cire don sanyi. Kaka mai wasa ne, amaryata yake kirana, amma a kan wannan kududdufin ba ya dariya. Yakan ce, "Da mu aka haƙa shi. Gefen ne kawai ƙasa, kana ƙara gaba rijiya ce." Duk jikokinsa mun haddace wannan magana.

Muka tarar yana can ƙarshen gona, shi da maƙwabcinsa, wani dattijo ɗan ƙasa da suke haɗa injin ban-ruwa ɗaya. Kawu ya waiga, ya ga sun ba mu baya, ya zaro motar daga buhu.

Ba zan ɓoye ba, ta yi kyau. Ta tsaga koren ruwan da fitilunta a kunne, Kawu ya juya ta hagu ta bi, ya juya ta dama ta bi. Sai ya ƙara mata nisa. Can na ga yana danna rimot da ƙarfi, yana ɗaga shi sama, yana girgiza shi. Eriyar da ya dunƙule a ciki tana jin kira a baho, amma daga nesa ta kurmance. Tayoyin suka tsaya, iska ta ci gaba da tura motar tsakiya a hankali.

Kawu ya ruga gefe neman doguwar gora. Ni idona na kan motar. Da na sauke ido in ce wa ƙanena ya yi haƙuri, takalmansa kawai na gani a ajiye a kan ciyawa.

Yana cikin ruwa zuwa gwiwa, hannu a miƙe. Ya ƙara gaba, ruwa ya kai ƙugunsa. Ya sake ɗaga ƙafa, sai kawai na daina ganinsa.

Ban san Kaka yana da irin wannan murya ba. Tsawa ɗaya ya yi daga ƙarshen gona, har tsuntsaye suka tashi. Amma ƙafafunsa na tsoho ne, maƙwabcin ya riga shi isowa, yana jan tiyon injin. Kan ƙanena ya ɓullo, ya koma. Dattijon ya wurga tiyon, bai kai ba. Ya janyo, ya shiga ruwa zuwa cinya, Kaka ya iso ya riƙe shi ta bel ɗin wando, ya sake wurgawa yana ihu, "Kama! Kama shi, yaro!" Na ga ɗan hannu ya fito yana laluben iska, ya dafe robar.

Suka jawo shi kamar ana jan guga. Leɓɓansa sun yi toka, haƙoransa na haɗuwa. Kaka ya kifa shi ya danna bayansa har ya amayar da ruwa, ya tuɓe rigarsa ya naɗe shi. Da ya samu numfashi, abin da ya fara cewa shi ne, "Motata."

Tana can tsakiya, fitilu a kunne. Ko ɗigo bai shige ta ba. Aikin Kawu ya yi kyau. Kawu ya iso da gorarsa, ya ce zai gwada. Dattijon ya ce, "Oga, yaro ya fita. Mota ya tafi, a bar shi." Kaka bai ce wa Kawu uffan ba, ranar da ma makonni bayanta.

Ƙanena yanzu magidanci ne. Motocin da yake saya wa 'ya'yansa a toshe suke zuwa daga kamfani, ba mai neman kyandir. Gonar Kaka ta zama gidaje, sun matso har kusa da ruwan, tsofaffin da suka san zurfinsa kuma sun ƙare. Kwanakin baya na bi ta wurin, na hango yara a bakin kududdufin, ɗaya yana cire takalmi. Na tsayar da mai keke, na sauka ba mayafi a kafaɗa, na yi ta zabga musu tsawa har suka watse. Na ji wata mata tana cewa ko ba ni da lafiya ne. Na tsaya a wurin sai da yaron ya dawo ya ɗauki takalmansa ya sa a ƙafa.