Katin Maraɗi da Kaset ɗin Inna

Ana sallame sallar asuba muka bar Katsina, ni da wani abokina, a motarsa. Bari in fara da motar in huta. Sabuwa ce, kujerun baya ma ba a cire musu leda ba, sanyin cikinta kuwa sai da na rungume jakata. Benci ɗaya muka zauna da shi a makarantar koyon fasaha. Yau ni ina da shagon gyaran kwamfuta a bakin kasuwa, shi kuma yana zaune a ɗakinsa yana rubuta wa wani kamfanin ƙasar waje manhaja. Mutumin kirki ne. Ban taɓa kama shi da wani aibu ba, kuma na nema.

Kawuna ne ya sa muka kama hanyar Jibiya, yayan mahaifiyata. Idonsa yana ta raguwa, likita ya gaya masa ciwon ba ya warkewa, sai dai a rage masa sauri. Yana da wani ɗan ƙaramin kaset na bidiyo da aka ɗauka ranar da matarsa, Inna, ta dawo daga aikin Hajji, shekaru da dama kafin rasuwarta. A hannunta na yi yawancin hutun makarantata. Kawu ya ce yana son ya ga fuskarta tun idon yana da sauran amfani.

Kyamarar da aka ɗauki hoton da ita tana nan, tana juya kaset, amma allonta ya mutu, ramin da ake haɗa ta da talabijin ma ya lalace. Saura waya ɗaya da za ta iya fitar da hoton, ita kuma ba ta shiga kwamfutocin yanzu. Sai an sami tsohuwar laftof mai tsaga a gefe, inda ake zura wani kati mai faɗin katin banki amma ya fi shi kauri. A jikin katin ramin wayar yake. Laftof ɗin ina da ita. Katin ne na nema a Katsina da Kano na rasa, har aka haɗa ni da wani mai sayar da tsofaffin kayan lantarki a Maraɗi, ya ce yana da shi, zai kawo mini bakin iyaka.

Na daɗe ina shirya laftof ɗin nan. Tsohuwa ce, ba ta da ƙarfi, don haka na sa mata Linux na gina mata kanel da hannuna. Kanel shi ne zuciyar manhajar kwamfuta, kuma a cikinsa ake zuba ƙananan manhajojin da ke tuƙa kowace na'ura, waɗanda mu ma direbobi muke ce musu. Na zubar da duk direban da na ga ba na buƙata don injin ya yi sauƙi. Da na gama na kira Kawu cike da alfahari. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "To madalla. Ka taho mani da Injiniyan nan abokinka." Sau ɗaya ya taɓa ganinsa, a wurin ɗaurin aurena.

Hanya ta yi kyau da safen nan. Ƙarshen damina ne, gero ya fitar da kai, dawa ta fi mutum tsawo, manoma sun riga rana fita. Shingayen jami'an tsaro ba su da iyaka, kuma a kowanne sai a leƙo a gaida mai tuƙi da "ranka ya daɗe", ni kuwa a dube ni kamar kayan da aka ɗauko. A Daddara muka tsaya karyawa. Ƙosan ya yi daɗi, sai dai ya ƙanƙance, kamar ana gasar wanda zai soya mafi ƙanƙanta a kan tsohon farashi. Mai kokon ta ƙara wa abokina ludayi guda ba tare da ya roƙa ba. Na lura.

Da hantsi muka isa Magama, inda hanyar Nijar ta rabu. Manyan motoci sun yi layi a gefen titi, direbobinsu sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu suna shan shayi. 'Yan acaɓa suna kiran masu zuwa Ɗan Isa ta Nijar, 'yan canji suna kaɗa sefa da naira a hannu, ga dogon burodin Nijar a tsaye cikin kwanduna, ga taliya da dabino. Hausa ɗaya ake yi, amma kunne yana rarrabewa, wannan ya ce kwastan, wancan ya ce duwan.

Mutumin Maraɗin ya iso a bayan babur, dogo, siriri, da katin a naɗe cikin ledar madara. Ni na yi ta magana da shi a waya, amma kai tsaye ya wuce ni ya miƙa wa mai mota. Ya ce masa, "Ga kayanka, Mushe." A can haka suke girmama ɗan boko. A wajenmu kun san abin da kalmar take nufi, kuma ba zan ɓoye muku ba, wannan ne abu na farko da ya faranta mini rai tun fitowarmu. Na karɓi katin na duba ƙafafunsa, babu wadda ta lanƙwashe. Muka sallame shi, muka juya cikin garin Jibiya.

Na zaci Kawu kaɗai za mu tarar. Ashe ya aika wa kowa. 'Ya'yansa mata sun zo, wadda ke aure a Gangara da ta Farfaru, an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, maƙwabci ya jawo mana wuta daga batirin solarsa. Kawu ya rame, yana karkata kai idan zai dubi mutum, don ta gefe ɗaya yake gani sosai. Ya amsa gaisuwata, ya tambayi mahaifiyata, sannan ya kama hannun abokina da hannu biyu ya zaunar da shi kusa da shi a kan buzu. Aka kawo fura a ƙwarya mai faifai. Ba sai na faɗa muku gaban wa aka ajiye ta ba.

Na kunna laftof, na haɗa kyamara, na zura kati a tsagarsa. Babu abin da ya faru. Na zare na mayar. Na buɗe wurin da kanel yake rubuta duk abin da ya gani, ko layi ɗaya bai ƙaru ba, kamar ban sa komai ba. Na hura tsagar, na goge katin da gefen rigata, na kashe na sake kunnawa. Tunanina ɗaya, idan katin nan matacce ne, ban san inda zan samo wani ba, kuma idon Kawu ba jira yake yi ba.

Kawu ya ce, "Injiniya, ko ka duba mashi?"

Abokina ya ce, "Kawu, ai ya fi ni sanin injin nan." Duk da haka ya taso ya tsuguna kusa da ni, ya karanta allon, ya sassauta murya yadda ba wanda zai ji. "Na ga ka sa direban katin, ka sa na wayar. Na tsagar kanta fa?"

Kafin ya rufe baki na gane. A cikin laftof akwai wata 'yar na'ura da ke kula da tsagar, ita ke ba kati wuta, ita ke sanar da kanel cewa an zura wani abu. Direbanta yana cikin waɗanda na zubar lokacin da nake rage nauyi, kuma da yake ba ni da katin gwaji a shago, ban taɓa sanin na yi ɓarnar ba. Da ma gatse ya yi mini, da na sami abin riƙewa. Sai kawai ya koma wurin furarsa.

Na buɗe jerin zaɓuɓɓukan kanel, na nemo direban, na sa a gina shi a gefe, yadda za a loda shi ba sai an rushe komai ba. Tsohuwar laftof ta kama aiki, fankarta tana kuka. Muka yi azahar muka dawo tana yi. Da ta gama na loda direban, na yi bismilla, na zura katin. Layuka suka zubo a allo, ta ga tsaga, ta ga kati, ta ga kyamara.

Kaset ɗin ya tsufa, ina tsoron ya tsinke, don haka na sa kwamfuta ta riƙa adana hoton tun daga juyin farko. Aka ga ƙasa, aka ga ƙafafun mutane, sannan sai ga Inna. Tana zaune a wannan tsakar gidan cikin farin mayafi, haƙorin Makka yana walƙiya, tana zuba wa mata zamzam a ƙananan kofuna. Ta ɗago ta dubi mai ɗaukar hoton ta ce, "Kai, aje abin nan ka zo ka ci abinci." Ta Gangara ta rufe fuska da gyale. Kawu ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allon, ya karkata kai ta gefen da yake gani. Ya daɗe a haka. Can ya ce, "Ita ce." Ni ma muryar nan ta mayar da ni ɗan makaranta mai jiran tuwo a bakin murhu, kuma har kaset ɗin ya ƙare ban tuna akwai wani Injiniya a duniya ba.

Na tura wa kowa bidiyon a wayarsa, na sa wa Kawu a wadda ta fi faɗin allo. Sai ya gyara zama ya ɗaga hannu. "Injiniya, abin da ka yi mani yau, Allah shi biya ka. Tun da ka tashi ka je wurin na san an gama."

Abokina ya ce, "Wallahi Kawu shi ya yi aikin. Shi ya nemo katin, shi ya gina komai. Kalma ɗaya na faɗa."

Kawu ya juya wajen 'ya'yansa. "Kun ji ko? Ga ilimi, babu girman kai." Sannan ya tuna da ni. "Kai ma Allah shi yi maka albarka, da ka kawo shi."

Na ce amin. Aka kamo zabuwa aka ɗaure mata ƙafa aka sa a bayan motar Injiniya. Ni aka ba ni saƙon gaisuwa in kai wa mahaifiyata.

Bayan la'asar muka kamo hanya, don ba a son dare ya yi wa mutum a titin nan. Zabuwar tana ta kuka a baya. Wajen Daddara abokina ya ce na yi shiru, na ce gajiya ce. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Kawu bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Kalmar nan ɗaya da ya faɗa, ita ce ba ni da ita, kuma ban san tsawon lokacin da zan ɗauka kafin in gano da kaina ba, ga mutane sun zuba mini ido.

Da magariba muka shiga Katsina. Na tarar Kawu ya riga ya kira mahaifiyata. Ba ta tambayi wa ya yi me ba, wayata kawai ta karɓa, ta zauna a bakin gado tana kallon Inna tana maimaitawa.

Ga abokan sana'a, abin da na koyo shi ne kada ka ce ka gama shirya kanel sai ka zura katin da hannunka ka ga ya amsa, kuma direban da kake shakka a kansa ka gina shi a gefe ka ajiye, kada ka zubar. Ga sauran jama'a kuwa, na gano mutum zai iya ƙyashin abokinsa tun daga Katsina har Jibiya, ya kuma gode wa Allah da ya sa suka tafi tare, duka a zuciya ɗaya. Ina ta istigfari, amma ba zan ce muku ƙyashin ya tafi ba. Washegari abokina ya aiko mini da rabin zabuwar, soyayya, da yaji a gefe. Na cinye. Ta yi daɗi ƙwarai, kuma wannan ma ya ɗan ɓata mini rai.