Saƙon Baba da Yaya Ba Ta Buɗe Ba

Yayata ba ta iya zama a ɗakin da hoto ya karkace a bango. Ko gidan surukanta ta je, za ka ga bakinta na gaisuwa idonta na kan bangon, da an ɗan juya baya ta miƙe ta daidaita shi. Tun muna yara muke kiranta Rula saboda wannan hali, kuma har yau da take da 'ya'ya biyu sunan bai sake ta ba. Ni dai a gaban idonta Yaya nake cewa, don ban manta zafin hannunta ba. Ita kuma Auta take ce mini, ko da ranta a ɓace yake.

Sana'arta zane a kwamfuta. Tambarin shago, bangon littafi, takardar da ake liƙawa a jikin kwalbar man shafawa, duk tana yi. Tana da shafinta na kanta a intanet, wanda ta buɗe tun tana ɗaliba. Rabinsa ayyukan da ta yi wa mutane ne, don mai neman mai zane ya gani ya kira ta. Ɗaya rabin kuma rubutu ne: in ta gama sabon aiki sai ta sa hotonsa, ta faɗi yadda ta yi shi, ta bar wuri a ƙasa don mai son tofa albarkacin bakinsa. Masu tofawar ba su taka kara sun karya ba. Mutum ɗaya ne bai taɓa fashi ba, shi ne Baba.

Baba mai rubuta allon shago ne da fenti da buroshi. Ya fi shekara talatin yana hawa tsani, gwangwani a hannun hagu, buroshi a dama, wani buroshin kuma a bayan kunne. Kafin injin buga manyan takardu ya zo ya ƙwace aikin, kusan duk shagon da ke layinmu rubutun hannunsa ne a goshinsa. Ba ya awo. Ya ja da baya taku biyar, ya kanne ido ɗaya, ya dawo ya ɗora harafi daidai inda ya kamata. A gindin tsanin nan Yaya ta tashi tana riƙe masa gwangwani, a nan ta koyi cewa tazarar da ke tsakanin haruffa ita ce rabin aikin. Abin da bai koya mata ba shi ne yadda ake jin yabo, don bakin Baba bai iya shi ba.

Da ta koma kwamfuta sai ya sa mata suna mai latse-latse. Amma da ya ji tana da shafi, shi da kansa ya zo ya same ni da wayarsa, ya ce in nuna masa inda ake rubutu. Ni malamar firamare ce, na koyar da yaran da ba su san dama da hagu ba, amma ban taɓa samun ɗalibi mai taurin kai irin Baba ba. Sati uku muka yi muna fama. Yatsansa mai kauri ne, fenti ya busar da fatarsa, in ya nufi harafi ɗaya sai ya danna uku, sannan ya ce wayar ce ba ta da tarbiyya.

Daga nan kuwa Yaya ta shiga uku. Duk aikin da ta sa, kafin rana ta faɗi saƙo ya shigo daga Mai Fenti, sunan da ya ba kansa ke nan. “Haruffan sun matse, ba su iska.” “Jan nan ya cika ihu.” “Wa ya ce ki sa inuwa?” In aiki ya burge shi matuƙa, sai ya rubuta, “Wannan da dama.” Yaya ta karanta, ta ja tsaki, ta ce tsohon nan bai san zamani ya wuce shi ba. Bayan awa ɗaya in ka koma shafin za ka tarar ta ba haruffan iska. Abin dariyar shi ne a gida ba sa taɓa tayar da zancen. Ta zo ta gaishe shi, ya tambayi yara, ta zuba masa ruwa, kamar ba su ne jiya suka yi faɗa a kan launin shuɗi ba. Shekara bakwai suna haka, saƙonnin suka haura ɗari biyu.

Saboda masu turo tallan banza, Yaya ta tsara shafin ta yadda saƙo ba ya bayyana sai ta buɗe shi ta amince. Kafin ta buɗe, ɗan jan ɗigo ne kawai take gani a gefe, da adadin saƙonnin da ke jira da sunan wanda ya turo da lokacin da ya turo.

A shekara ta bakwai ɗin ciwon ƙoda ya kwantar da Baba a asibiti. Muka raba jinya, Yaya da safe, ni da rana in na taso daga makaranta, Mama kuma ta karɓa da yamma. A cikin kwanakin nan ne Yaya ta gama wani aiki, allon wani gidan burodi. Ba ta ɗauko haruffan daga kwamfuta ba. Ta je gida ta buɗe akwatin Baba, ta ɗauki buroshinsa, ta zana su da hannu a takarda, sannan ta shigar da su. Shi ne karo na farko da ta yi haka. Ta sa aikin a shafi ranar Litinin, ba ta ce masa komai ba kamar yadda suka saba. Ranar Alhamis da hantsi Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Sai da aka kwana goma kafin ta iya kunna kwamfuta. Tana shiga shafin ta ga jan ɗigon, saƙo ɗaya, daga Mai Fenti. Ta rufe kwamfutar. Washegari ta koma ta toshe wurin rubutun gaba ɗaya, don kada wani ya turo saƙo ya zauna kusa da nasa.

Na yi faɗa har na gaji. Na ce mutum ya rubuto miki magana ki ajiye ta kamar kayan ɗaki? Na ce in ba za ta iya ba ta ba ni in karanta mata. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, “Auta, muddin ban buɗe ba, Baba bai gama magana da ni ba.” Na tashi na shiga kicin na yi kukana. Shekara biyu ɗigon nan na zaune a gefen shafin, kullum da safe ta gan shi kafin ta fara aiki.

Shafin kuma ya tsufa. In ka buɗe shi a waya hotunan sai su fita gefe, rubutun ya zama ƙanana kamar tururuwa. Wani kamfanin buga littattafai ya nemi ganin ayyukanta, matar da ta duba ta ce mata cikin ladabi aikin ya yi kyau, amma gidan da aka ajiye shi yana son gyara. Maganar ta soki Yaya, don ita ce mai gyara wa kowa nasa. A ranar ta yanke shawarar rushe shafin ta sake gina shi daga tushe. Ta kuma faɗa mini abin da ta sa wa ranta: ranar da sabon shafin ya tsaya, ranar za ta buɗe saƙon Baba, ya zama shi ne magana ta farko a ciki.

Wata huɗu ta yi tana wannan aiki. Teburinta na bakin taga ya cika da takardu, bangon ɗakin ta liƙe shi da ƙananan zane-zane na yadda kowane sashe zai kasance. Ta kira ni takanas in zo in zaɓa mata tsakanin fari biyu, na duba na duba ban ga bambanci ba, ta ce dama ta san idona na ado ne. Ta cire tsofaffin ayyukan da take jin kunyarsu, ta sake ɗaukar hoton sauran da hasken safe. Abin da ya fi cin lokacinta shi ne wurin saƙonni. Ta yi masa fili mai yalwa a ƙarƙashin kowane rubutu, ta zaɓi haruffa manya masu sauƙin karatu.

Kada wani ya ce Yaya ta yi sakaci, don ban taɓa ganin mai taka-tsantsan irinta ba. Kafin ta taɓa komai ta kwafe tsohon shafin wuri uku, har da wani filashi, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a zuba fayil, da ta ba ni ajiya. Kowane hoto, kowane nau'in harafi, kowane launi, rubutunta kuma ta kwashe shi ɗaya bayan ɗaya. Ta kwafe babban fayil ɗin shafin duka, ta ɗauka komai na cikinsa. Ita mai zane ce, abin da ido ke gani ta sani. Ba ta san cewa saƙonnin mutane ba sa zama tare da hotuna ba, akwai wani rumbu dabam da kamfanin da ke riƙe da shafin yake ajiye su, kuma shi sai an nemi kwafinsa shi kaɗai. Da ta mayar da shafin hannun wani kamfanin da ya fi sauri, sai tsohon wurin ya tsaya mata a ido kamar tarkace a tsakar gida. Ta shiga ta rufe shi. Sau biyu aka tambaye ta ko ta tabbata, sau biyu ta danna e, ta ci gaba da gininta hankali kwance.

Ranar Asabar da safe ta kira ni ta ce an gama. Na tarar ta tura yara gidan Mama, ta share ɗakin, ta yi wanka ta sa kaya masu kyau, ta dafa mana shayi. Shafin kam ya yi kyau, ko ni mai idon ado na ga haka. Ta goge tafin hannunta a zaninta, ta shiga wurin saƙonni. Babu jan ɗigo. Ta ce wataƙila sabon tsarin a wani wuri yake nunawa. Ta duba nan, ta duba can. Ta buɗe wani tsohon rubutu da na san Baba ya yi mata tatas a ƙarƙashinsa, sai ga filin da ta tanada fari fat, babu ko harafi ɗaya. Ta buɗe na biyu, na uku, na goma. Ta sa filashina, ta bi fayil-fayil. Shayin ya huce a kofi babu wanda ya taɓa.

Ta rubuta wa tsohon kamfanin. Kafin azahar amsa ta zo, mai ladabi ƙwarai. Suka ce in an rufe wuri suna ajiye rumbunsa kwana talatin ko mai shi zai canza shawara, bayan haka sai a goge. Yaya ta ɗauko kalanda ta ƙirga da yatsa, kwana arba'in da bakwai. Ta sake ƙirgawa. Na ce ko an turo mata kwafin saƙon ta imel, ta ce ta daɗe da kashe wannan sanarwar saboda masu talla. Wayar Baba kuwa mun goge ta mun ba ƙaninsa tun shekarar da ya rasu.

Ba ta yi kuka nan take ba. Ta ajiye kalandar. Can ta juyo ta ce, “Auta, da rana ya turo shi. Na ga lokacin. Ke ce a wurinsa da rana.”

Abin da na ɓoye shekara biyu ke nan, don kunya ta hana ni faɗa. Ranar Talata ce. Na zo a gajiye, da takardun jarrabawar yara a jaka. Baba ya ce in buɗo masa shafin Yaya, na buɗe. Ya daɗe yana kallon allon gidan burodin, sannan ya ce in rubuta masa abin da zai faɗa, don hannunsa na rawa. Na ce Baba ka bari sai ka samu sauƙi, shafin ba gudu zai yi ba. Bai sake roƙona ba. Ya kwantar da wayar a ƙirjinsa, robar ƙarin ruwa a bayan hannunsa, ya fara dannawa da yatsa ɗaya. Ni kuma na sunkuya ina makin takardu. Tun ƙarfe biyu yake yi har ma'aikatan jinya suka yi canji. Da ya gama ya miƙo mini ya ce in tura, na karɓa na tura, idona na kan takardar wani yaro.

Na so in yi mata ƙarya, wallahi na so. Da na ce ya rubuta aikin ya yi kyau, da ta samu abin riƙewa. Amma ita ta san muryarsa fiye da ni, kalma biyu zan faɗa ta gane tawa ce. Sai na gaya mata yadda aka yi, ban rage komai ba.

Ta ce, “Mai tsawo ne?”

Na ce, “Sai da na ja sama sau uku kafin na kai wurin turawa.”

A nan ta kifa kanta a kan teburin. Ban taɓa jin Yaya ta yi irin wannan kukan ba, ko ranar rasuwar. Na tsaya a bayanta na kasa taɓa ta, don ina ganin ban cancanta ba. Ita ta share saƙon, amma ni aka ba damar ji daga bakinsa na ce ya bari.

Kamfanin littattafan sun ɗauke ta aiki bayan sati biyu, matar nan har ta yaba da shafin. Yaya ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, ko a fuska, kuma wannan ya fi mini ciwo a kan ta zage ni. Tana nan tana zane, tana kai yara makaranta, tana dariya in an yi abin dariya. Sai dai wani lokaci ina tsakiyar aji wayata ta yi ƙara, in fita baranda in ɗauka. Ba ta ko gaisuwa.

“Auta, sake tunawa. Ko kalma ɗaya ba ki gani ba?”

Kullum nakan duba cikin kaina da gaske, kullum kuma in ce mata ban gani ba.