Rijiyar Gwaggo Hajo Ta Yi Zartsi

Litinin, Birnin Kebbi zuwa Argungu

Ƙarfe shida saura kwata na bar gida, rungume da kwali. A ciki akwai na'urar cire gishiri daga ruwa, mai aiki da hasken rana. Rijiyar Gwaggo Hajo, yayar mahaifina, ta yi zartsi, ba ta shayuwa. Ɗanta Bello ya ce in ba a samu mafita ba, zai ɗauko ta ya dawo da ita birni. Ita kuwa ta ce sai dai gawarta.

A shingen hanya kusa da Zauro wani jami'i ya leƙo.

"Mi ac cikin kwalin ga?"

"Injin cire gishiri daga ruwa na."

"Mu nan saye mukai mu zuba, ku kuna cirewa. Ku wuce."

Bakwai da minti goma muka shiga Argungu. Na sha kunu da ƙosai a tasha, na hau kabu-kabu zuwa ƙauyen su Gwaggo, can bayan Gulma.

Ƙauye

Kafin azahar na haɗa komai. Na'urar tiyo biyu gare ta: ɗaya na fitar da ruwan sha, ɗayan na fitar da ragowar da gishirin ya taru a ciki. Gwaggo ta kurɓa, ta juya shi a baki.

"Salam shike, awa ruwan sama. Amma shina shayuwa."

Daɗi ya kwashe ni. Na yi ta zuba bayani kan tiyo na farko, na manta da na biyu.

Laraba

Da hantsi na tarar da ita tsaye a bayan gida, gaban fangalin irin albasarta. Duk ya kwanta, ya yi rawaya. Ashe kwana biyu tana tara ragowar a bokiti tana yi masa ban-ruwa.

"Gwaggo, wannan zubarwa akai."

"Zubarwa? Ruwa?" Ta dube ni. "Tun ina ɗiya ban taɓa zub da ruwa ƙasa banza ba. Ko na wankin kwano, awaki ka sha."

Kunya ta kama ni, laifin nawa ne. Na tabbata za ta ce in kwashe kayana, Bello kuma ya turo mota. Sai ta ce in haƙa ramin zuba ragowar can nesa da shuka.

Da na gama na miƙa hannu zan karɓi bokitin, ta hana.

"In ka tahi wa ka yi min? Bari in koya."

Ta yi bisimilla, ta kau da kai gefe, ta tuntsurar da shi. Ba ta waiwayo ba sai da ƙasa ta shanye.

Komawa

Biyar da rabi na yamma na iso Birnin Kebbi lafiya, na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na kira Bello na ce ya bar maganar mota, Gwaggo tana gidanta. Ya ce ashe abin ya zo da sauƙi. Shi dai bai ga yadda ta kau da kai gefe tana zub da ruwan nan ba.