Hankici Biyu a Kan Tebur

Abin da na fara gani da na shiga aji ran nan auduga ce a kan teburin Malama, tsibi biyu, kowanne bai fi cikin hannu ba. Ta dama ta fi fari. Ta hagu ta ɗan yi ja, amma tun kafin in zauna na ga silinta ya fi tsawo, don Innata kaɗi take yi, ni ce kuma mai cire mata angurya.

Muna aji bakwai, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira. Malamarmu ta Turanci mutuniyar Kaltungo ce, tana zaune a unguwar Herwagana. Ta rubuta kalma ɗaya a allo da manyan baƙaƙe: JUDGE. Ta ce ma'anarta ka dubi abu da kyau, ka auna shi a ranka, sannan ka faɗi yadda kai ka gan shi, ko da wani ya gan shi dabam. Ta ce ba a faɗinta a yi shiru, sai an biyo ta da dalili. Muka yi ta maimaitawa a bayanta: "I judge this one better, because…"

Wata yarinya, 'yar ma'aikacin reluwe, mai baki kamar rediyo, ta miƙe ta ce audugar dama ta fi, saboda ta fi fari. Malama ta nuna ni. Na miƙe, na kafa wa yatsun ƙafata ido.

"Bebiya ta tashi, a yi shiru a ji wa'azi," in ji 'yar reluwe. Aji ya fashe da dariya.

Malama ta miƙo mini takarda ta ce in rubuta. Na rubuta cewa ta hagu ta fi, don silinta dogo ne, zarenta ba zai riƙa tsinkewa ba. Ta karanta wa aji, sannan ta ce, "'Yata, idonki ya fi na kowa a ajin nan. Amma ranar intabiyu ba wanda zai ba ki takarda."

Mu bakwai ne muka ci jarrabawar rubutu ta shiga sakandaren 'yan mata, saura intabiyu, a gan mu ido da ido. Babana mai sayar da kayan keke ne a unguwar Bolari. A lokacin garin ya cika da sababbin motoci da babura, kowa yana cewa ɗan da ya yi boko ba zai rasa aiki ba, shi ya sa ya yarda. Amma ya ce sau ɗaya ne. In an ɗauke ni, in tafi. In ba a ɗauke ni ba, aji bakwai ya isa karanta wasiƙa, in zauna in taya Inna aiki.

A gidanmu in Baba ya ce miya ba gishiri, to ba gishiri, ko da Inna ta zuba sau biyu. In babba ya yi magana, "haka ne" ake cewa. Ba dukana aka yi na koyi haka ba. Maƙwabta suna yabona a kan haka, ni kuma ina jin daɗi.

Mako biyu Malama tana tsayar da ni bayan an tashi. Ta ajiye fensir biyu, ko kwano biyu, ta ce in zaɓa in kawo dalili. A gabanta ni kaɗai bakina ya fara buɗewa, har ta tafa mini wata rana.

Ranar intabiyu mutum uku na tarar a bayan dogon tebur: wata mata mai tabarau, wani saurayi mai lakataya, da wani dattijo mai farin gemu da ya girmi babana. Na durƙusa na gaishe su, suka ce in hau kujera. Na zauna a bakin-bakinta. Na karanta shafin da aka ba ni ban yi tuntuɓe ba.

Sai dattijon ya shimfiɗa hankici biyu, ɗaya fari sol, ɗaya da jan fure. Ya ɗora yatsa a kan mai furen, ya ce da Turanci shi a ganinsa wannan ya fi kyan ɗinki. Sannan ya faɗi kalmar nan tamu, ya ce saura ni.

Na duba. Kalmasar mai furen ta karkace, ɗinkin wani wuri ya yi nisa wani wuri ya cushe, a kusurwa ɗaya ma ba a ƙulle zaren ba, wanki ɗaya zai warware. Farin kuwa ɗinkinsa a jere yake kamar layin tururuwa. Jimlar tana bakina, har da dalilinta. Da ni ya fara tambaya, da na faɗa. Amma ya riga ya yi magana.

Na ce, "Yes, sir."

Ya sunkuyo, ya koma Hausa. "Yarinya, duba da kyau. Ke haka kika gani?"

"Yadda ka ce, Baba, haka ne."

Matar ta rubuta wani abu gajere. Dattijon ya ninke hankicin a hankali, bai sake kallona ba.

A waje 'yar reluwe ta tare ni. "Ke Bebiya, me kika ce wa tsohon? Haka yake yi wa kowa. Ni cewa na yi farin ya fi, don ban son ja. Har ya yi dariya!"

Da sunaye suka fito, nata yana ciki, nawa babu. Baba ya sa na ba shi labarin yadda aka yi, ya ce Allah bai nufa ba. Washegari na ji shi a zaure yana gaya wa abokansa cewa 'yarsa ko a gaban hukuma ba ta musa wa babba ba. Suna ta sa mini albarka. Daga wannan shekara ban sake zama a aji ba.

Amma kafin in san haka, wata Asabar da aka aike ni kasuwa, na zarce Herwagana ina tambaya har aka nuna mini gidan Malama. Na same ta tana ɗaure kaya a kwali, an yi mata canjin makaranta, jibi za ta bar gari. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ba ni ruwa, ta tambaye ni ko na gaya wa Baba ina son in maimaita ajin. Na girgiza kai. Ta ce me ya hana.

Na ce, "Malama, don Allah kafin ki tafi, ki zo gidanmu ki faɗa masa. Ni ba zan iya ba."