Madabod ɗin da Kawu Ya Jinjina

Shekarun baya, lokacin ina ƙaramar sakandare (ku bar ganin har yanzu gemu bai fito mini ba, a wurina wannan zamanin da ne), na kamu da ciwon son haɗa kwamfutar gem, wato ta wasannin bidiyo, da hannuna. Ni da abokina, ɗan wani ma'aikacin asibiti da aka turo garinmu Wurno, mun kalli bidiyon masu haɗa kwamfuta har wayar babansa ta riƙa zafi kamar dutsen guga. Ko ƙusa ɗaya ba mu taɓa ɗaurawa ba, amma in ka ji muna gardama a gindin dogon yaro sai ka rantse mu muka ƙera ta farko a duniya.

Ga wanda bai sani ba, firosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, 'yar mitsitsiya ce da ba ta kai biskit ba. Madabod kuma shi ne allon da take zama a kai, sauran kayan duk a jikinsa ake soka su. Manyan kamfanoni biyu ne ke yin firosesa, kowanne da irin mazauninsa. Ta wannan ba ta zama a gurbin wancan, ko da makaɗa za a ɗauko mata.

Na yi rani guda ina ban ruwan albasa a fadamar mahaifina, har na koma launin gindin tukunya. Da ɗan abin da na tara, yayana da ke karatu a Sakkwato ya samo mini firosesa ta hannu, ainihin wadda na daɗe ina mafarki. Na ɓoye ta a ƙasan akwatin mahaifiyata, ina zuwa gaishe ta safe da yamma. Saura madabod mai dacewa da ita, shi kuma yayana ya zaga bai samu ba, aka ce sai Ikko.

To ina da kawu, wan mahaifiyata, wanda ke fataucin albasa daga kasuwar Goronyo zuwa Ikko. Duk danginmu shi ake ba sautu. Na tura masa hoton madabod ɗin a waya, na bi shi har bakin mota ina nanatawa.

"Kawu, wanga dai. Ba mai kama da shi ba, shi ɗin."

"Kai, tahi ka ba ni wuri," in ji shi. "Tun innakka na goye nike kai ma mutane sautu."

Ranar da ya dawo, tun daga zaure na san akwai matsala, don kwalin da ya rungumo ya kusa kai tabarmar salla. Ya zauna a tsakar gida, ya sha ruwa, ya buɗe kwalin a hankali yana murmushi.

"Na nuna ma mai shagon hoton," ya ce, "yaɗ ɗauko man wani ɗan tsurut kamar murhin kwano. Nic ce mi na na wanga? Sai ga wani gehe guda, da ƙaruhuna da hitilu. Na jinjina wancan, na jinjina wanga. Kai ma ka sani, albasa mai nauyi ita ta albasa. Nic cika kuɗɗin, nic ce a naɗe ma ɗana babban."

Na durƙusa na yi godiya, murya na rawa. Shi ya ɗauka daɗi ne ya yi mini yawa. Kafin ya tafi ya ce zai dawo bayan kasuwa mai zuwa ya ga abin yana aiki, don ya riga ya shaida wa duk 'yan lodin Goronyo cewa ɗansa na ƙera kwamfuta.

Yana fita na kwashi kwalin sai gidan su abokina. Muka buɗe mazaunin, muka ɗauko firosesa. Ita tana da 'yan allurai a cikinta, mazaunin ma ga allurai nan tsaye cako-cako. Na ɗaya kamfanin ne. Kamar dai a ce bushiya ta goyi bushiya.

"Ko mu ɗan danna?" in ji abokina.

"Danna kanka," na ce masa.

Na koma gida na tarar da mahaifiyata tana tankaɗe. Na zayyana mata komai, har da zanen allurai a ƙasa da tsinke. Na ce mafita ɗaya ce, Kawu ya mayar da shi in zai koma, ya karɓo ɗan tsurut ɗin.

Ba ta daina tankaɗen ba. "Sautu kab ba shi, gaskiya na. Amma tun da yas sa hannu aljihu yac cika, ya zama tsaraba. Ana mai da sautu. Ka taɓa jin wanda yam mai da tsaraba?"

"Inna, ba ya shiga hwa."

"Ka ga huskar shi sadda yaka buɗe kwalin? Kayanka na, ban hana ka ba. In kana iya dubin idon shi ka ce mai bai iya saye ba, ga hanya nan."

Na shiga ɗaki na yi kukan da na tabbata ya ƙara wa madatsar Goronyo ruwa. Har na tsara jawabin da zan yi wa Kawu, na gwada shi a gaban akuyarmu, ya tafi sumul. Amma duk sanda na tuno yadda ya ce "a naɗe ma ɗana babban", sai jawabin ya wargaje. Mutumin da ke kwana a kan buhunan albasa daga nan har Ikko, wanda ko shayi sai ya yi ciniki, shi ne ya tsaya a shagon da bai san kan kayansa ba ya ƙara kuɗinsa don kada a raina ɗan ƙanwarsa.

Abu biyu ne suka ƙi zama tare, dole ɗaya ya tafi. Tunda ba madabod ba ne, sai firosesa.

Na shiga motar Sakkwato da ita a aljihun gaba, hannuna dafe a kai, ina yi mata bankwana a zuci har matar da ke kusa da ni ta tambaya ko ciwon ƙirji nake. Yayana ya kai ni wurin wanda ya sayar masa. Mutumin ya yarda da musaya, sai dai wadda za ta zauna a allon Kawu, wadda kuma ƙarfina ya kai, ba ta kama ƙafar tawa ba wajen gudu. Na karɓa ina kallon tawa ana mayar da ita cikin gilashi.

A gidan su abokina muka haɗa, don su ke da wutar sola. Sabuwar ta faɗa mazauninta lif, ba gardama. Muka soka sauran tarkacen da muka tsinto nan da can, na yi bisimilla na danna. Fanka ta juya. Sai fitilun nan suka kama, ja ya koma kore, kore ya koma shuɗi, ɗakin ya zama kamar gidan biki. Ba zan ɓoye muku ba, sai da na taka rawa.

Kawu ya zo a kan babur ɗinsa kamar yadda ya ce. Ya tuɓe takalmi, ya tsuguna gaban akwatin kwamfutar, ya daɗe yana kallon fitilun.

"Ka gani? Da ɗan tsurut ɗin nan na, da yanzu ya ƙone."

"Gaskiya na, Kawu."

Muka sa masa gem ɗin tuƙa babbar mota, muka nuna masa inda ake dannawa. Kawu ya gyara hula ya kama tuƙi a hankali, ba ya wuce kowa, wai akwai kayan mutane a baya. Ana cikin haka motoci suka yi yawa a hanya, 'yar firosesata ta gaji, hoton ya fara tsayawa yana fizga. Na saci kallon abokina.

"Mi yas same ta?" in ji Kawu.

Abokina ko ƙiftawa bai yi ba. "Hanya ta, Kawu. Ramukka."

Kawu ya gyaɗa kai. "To wallahi masu abin ga sun san aiki. Haka hanyar take."

Bai tashi ba sai da aka kira la'asar.

Har yau da kwamfutar nake wasa, kuma har yau tana fizga in fili ya cika. Abokaina kan ce in canza allon in huta, ni kuwa ban taɓa jin sha'awar hakan ba. Na dai koyi cewa firosesa da madabod tare ake zaɓensu, a fara tambayar mazauni kafin a dubi kyau, kuma in za ka ba dattijo sautu ka san cewa da ƙaunarsa zai je kasuwa, ba da hotonka kaɗai ba. In na kunna fitilun nan suka kama, raina fari yake yi, ko da an ci ni a gem.

Kawu bai san komai ba, ina kuma roƙon 'yan Goronyo da ke bibiyata a intanet su riƙe bakinsu. Abu ɗaya ne kawai ya sauya. Duk tafiyar da zai yi sai ya kira ni ya tambaya, "Mi za a ƙaro ma kwamhutar tamu?" Ni kuma in yi maza in ce, "Ta ƙoshi, Kawu. Burodi dai."