Taliyar Bakanike

Bakanike ne na ƙananan motoci, kuma da wannan sunan duk layin suka san shi. Ba ya faɗa, ba ya surutu. In ka tambaye ni, shirun nan ne ma ya kashe masa aure, don babu matar da za ta yi ta hira da bango. Matar ta fita, ta sake aure, ta tafi da 'yarsu tilo, sai ranar hutu yarinyar kan leƙo shi. Yanzu an yi wa mijin uwar canjin wurin aiki zuwa gari mai nisa, aka ce tunda 'yar ta yi hankali, ta zaɓa: ko ta bi su, ko ta zauna wurin ubanta ta ƙarasa makaranta. Yau za ta zo ta faɗa masa.

Tsoro ya hana shi aiki. Ya rufe gareji da wuri, ya bar wata mota a kan jak mai ita na ta zuba masifa. Ya wanke hannu yadda ya saba, fetur tukuna don cire baƙin mai, sannan sabulu. A hanya ya sayi cinyoyin kaza da taliya.

Girki ɗaya ya iya a duniya, kasko ɗaya kuma ya mallaka. Ya yayyanka kazar, ya murtsuke ta da gishiri da hannunsa, ya soya har ta yi ja. Ya watsa albasa da tumatir, ya tsiyaya ruwa, ya kakkarya taliyar a ciki, ya kifa faranti a maimakon murfi. Kafin ya gama share ɗakin ruwa ya tsotse. Tun tana ƙarama abin da yake dafa mata ke nan, kuma ya sa a ransa in ta ci ta ƙoshi zai buɗe baki, ko sau ɗaya a rayuwarsa, ya ce ta zauna.

"Sannu da gida, Baba."

"Uwata, kin iso? Zauna, yanzu na sauke."

Ta fara ci a hankali, kowace loma sai ta kora da ruwa. Shi kuwa mutum ne da ya saba gane ciwon inji daga ƙararsa, nan take ya ji akwai matsala.

"Ba daɗi ne?"

"Da daɗi mana."

"Haba Uwata, ni za ki ɓoye wa?"

Ta ajiye cokali. "Warin fetur yake yi, Baba."

Ya ɗaga faranti ya shinshina, bai ji komai ba. Hancinsa ya daɗe da mutuwa a gareji.

"Yau ne kawai, ko?"

"Kullum ne. Tun ina ƙarama."

"Shi ne ba ki taɓa faɗa ba?"

"Na ga kana murna ne."

Kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Ashe abu ɗayan da yake taƙama ya iya yi mata, haɗiye shi take yi don kar ransa ya ɓaci. Da wane baki zai ce ta dawo ta riƙa cin wannan kullum?

"Ki bi mamanki," in ji shi, idonsa a ƙasa.

Ta ɗago ta kalle shi. "Haka kake so?"

"Haka ya fi."

"To, Baba."

Da ya fito raka ta, sai ya ga akwati a jingine bayan ƙofa, daga waje, babba, an ɗaure bargo a kansa, ga jakar littattafai a gefe. Ashe da kayanta duka ta zo, da niyyar zama wurinsa. Ta tsaya tana jira, shi ma ya tsaya. Maganar ta zo masa har maƙogwaro.

Sai ya sunkuya ya ɗora akwatin a kafaɗa, ya wuce gaba zuwa inda ake tsayar da mota.